Kaset ɗin LTO-7 na nuna ya cika tun bai kai rabi ba

Ɗan_Kawo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani ofis ne a nan Kaduna, saba mai Linux, manhajar Bacula mai kwafe bayanai don ajiya, da na'urar tef LTO-7 (mai rubuta bayanan a kaset) guda ɗaya a kan wayar SAS da ke haɗa ta da sabar. A jikin kwalin kaset an rubuta TB 6 da TB 15, amma babu wanda ya taɓa ko kusantar 15. Wasu sai sun kai wajen TB 6 Bacula take sa musu Full, wato sun cika. Wasu kuwa a TB 2 da ɗoriya, wani a 3.8, kowanne da inda yake tsayawa. Abin da ake kwafewa yawanci takardun da aka yi wa sikanin ne, da hotuna, da bidiyon kyamarar tsaro. Kasakasan ne ba su da kyau, ko na'urar ce? Ina son sani kafin a sa oga ya fitar da kuɗin sababbi.

Injiniya_Kakuri:
Wa alaikumus salam Malam. Matsala biyu ka haɗa, ɗayar ma ba matsala ba ce.

Waɗanda suka kai TB 6 lafiyarsu ƙalau, iyakar cikinsu ke nan. TB 15 ɗin lissafin kamfani ne, idan na'urar ta samu ta matse bayanan ninki biyu da rabi. Rubutu zalla da rumbun bayanai suna matsuwa, kamar auduga a buhu. JPEG da bidiyo da ZIP kuwa an riga an matse su tun daga tushe, babu abin da na'urar za ta ƙara rage musu. Haka nan idan manhaja ce ke kulle bayanan da lambar sirri kafin ta tura, matsewa ta tashi aiki. In ana son kullewa, a bar wa na'urar ta yi da kanta, tun daga LTO-4 suna iyawa, kuma sai ta matse sannan take kullewa. In kuma ka ga wata manhaja ta nuna 5.46, kar ka ɗaga hankali, TB 6 ɗin ne aka ƙirga da 1024 maimakon 1000.

Masu tsayawa a 2 da 3.8 su ne abin dubawa. Da a lamba ɗaya suke tsayawa kullum, sai in ce ka leƙa Maximum Volume Bytes, iyakar girman da ake sa wa kaset a saitin Pool (rukunin kaset) na Bacula, domin shi ma Full yake sawa. Tunda lambar tana yawo, na fi zargin kuskuren rubutu. Bacula in ta ci karo da kuskure tana cikin rubutu, rufe kaset ɗin take yi ta ce ya cika, ta nemi na gaba. Buɗe rahoton aikin daren da abin ya faru, ka duba layukan da ke saman End of medium. In akwai Write error da Input/output error, to ba cika ya yi ba. Ka kuma duba dmesg, rahoton Linux kan na'urori, a daidai wannan lokacin, ko st0 (sunan na'urar tef a Linux) ko katin SAS sun yi ƙorafi.

Hajiya_Barnawa:
Ƙari a kan bayanin Injiniya. Ko babu kuskure a rahoto, kaset na iya ƙarewa da wuri da gaske. Na'urar LTO tana rubutawa tana karanta abin da ta rubuta nan take. Inda bai zauna daidai ba, ba ta komawa baya, sake rubuta shi take yi a gaba. In hed ɗin, wato kan da ke rubutu da karatu, ya yi datti ko ya cinye, sai ta yi ta maimaitawa shiru, zaren na tafiya, manhaja kuma bayanan da ta tura kawai take ƙirgawa.

A garin nan ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gaba, musamman ɗakin saba da ake buɗe taga in wuta ta ɗauke, AC ya tsaya. Ka sa tapeinfo -f a kan /dev/sg na na'urar ka ga TapeAlert, lambobin gargaɗin da na'urar ke bayarwa. Lamba 20 na nufin a wanke hed yanzu, 4 kaset ne ya gaji, 6 rubutu ya gaza, 22 kuma kaset ɗin wankin ne ya ƙare. Shi na wanki sau 50 ne iyakarsa, kuma sai na'urar ta nema ake sa shi, domin yana ɗan cin hed.

Gwajin da zai raba gardama: sabon kaset dal, ka tsayar da bacula-sd (ɓangaren Bacula mai riƙe da na'urar), ka shiga btape, manhajar gwajin tef ta Bacula, ka ba shi fill ya cika kaset ɗin da bayanan gwaji. Zai ɗauki awa shida ko fiye, LTO-7 MB 300 take yi a daƙiƙa in ta samu yadda take so. In sabon ya kai TB 6, tsofaffin ne suka lalace. In shi ma ya tsaya a hanya bayan an yi wanki, na'urar ce ko wayarta. Sai ka gwada ta da manhajar kamfaninta, ITDT in ta IBM ce, Library and Tape Tools in ta HPE ce, don da wannan rahoton ake neman garanti.

Ɗan_Kawo:
Na gode ƙwarai. Na duba, akwai Input/output error, kuma 20 a kunne take. Waɗanda aka rufe da wuri fa, sun tafi ke nan?

Injiniya_Kakuri:
Ba su tafi ba. Bayan wanki, a bconsole, inda ake ba Bacula umarni, ka yi update volume ka mayar da matsayin kaset ɗin Append, wato a ci gaba da rubutu a kansa, Bacula za ta ci gaba daga inda ta tsaya, muddin ƙarshen kaset ɗin ya dace da abin da ke rajistarta. In bai dace ba, Error za ta sa masa, sai ka bar shi har wa'adin ajiyarsa ya cika a sake yi masa lakabi. Amma ka fara dawo da fayil biyu-uku daga aikin ƙarshe a kai, ka tabbata suna karantuwa. Wanda ya sake yin kuskure bayan wanki, cire shi daga layi. Kuma kar wani ya ce a goge shi da injin maganaɗisu, akwai layukan jagora da masana'anta suka shimfiɗa a kan zaren, in suka goge kaset ya mutu. Na'urar tef ɗin kanta ta hau UPS tare da sabar, domin canji daga NEPA zuwa janareta ana cikin rubutu shi ma irin wannan kuskuren yake haifarwa.