Kogo mai tafki a ciki: wa ya taɓa zuwa?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum 'yan zaure. Watan Janairu zan shiga Santambul sari in Allah ya yarda, wannan karon har da uwargida. Wani bidiyo ta gani, mutane cikin kwale-kwale a tafkin da ke ƙarƙashin ƙasa, tun ranar ban huta ba. Wa ya taɓa zuwa?

Malamin Fagge: Wa alaikumus salam. Alhaji, na Turkiyya da ya yi suna shi ne Altinbeshik, a lardin Antalya. Daga Santambul awa ɗaya da 'yan mintuna a jirgi, sannan doguwar tafiyar mota a kan duwatsu, hanya duk kwana. Sai dai Janairu ba lokacinsa ba ne. Da hunturu ruwa ke cika kogon, rufe shi ake yi sai zafi ya shigo.

Ɗan Kwari: Ikon Allah! Da na kashe kuɗin banza.

Hajiya Mai Atamfa: Ni Jeita na je a Labanan, ƙasar Kwarorin da kasuwarku ta ci sunansu. Kilomita 18 ne arewa da Bairut. Kogo biyu ne, na sama a ƙafa, na ƙasa a kwale-kwale mai lantarki, ba ƙarar inji. Muna shiga kowa ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗis, ɗis daga rufi. Ruwan garai-garai, na tsoma yatsa na janye da sauri don sanyi, ashe shi mutanen Bairut ke sha. A na saman akwai wani tsinin dutse da ke reto, mita 8.2, ɗigar ruwan nan ce ta gina shi a dubban shekaru. Tasbihi kawai nake yi. Amma ka gaya wa Hajiya tun daga gida, lokacin da na je ba a ɗaukar hoto, a ƙofa aka sa mu ajiye waya. Shi ma na ƙasan ana rufe shi in ruwa ya yi yawa da hunturu.

Malamin Fagge: Kuma a saurari labarai kafin a yanki tikitin can, Hajiya.

Autan Zaure: Yaya, ai kana zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin ma. Ka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Guilin, kamar awa 3. Kogon Ludi Yan na nan, tsawonsa mita 240, an ƙawata shi da fitilu kala-kala, ga rubutun tawada a bango tun shekarar 792. Ruwan ciki kamar madubi.

Hajiya Mai Atamfa: Auta, ana shiga kwale-kwale?

Autan Zaure: A'a Anti, kallo ne daga gefe. Ɗan ƙarami ne.

Hajiya Mai Atamfa: To ai kududdufi ne mai fitila, ba shi take nema ba.

Baba Na Gwammaja: Ku yara kuna ta lissafin ƙasashe, ba wanda ya yi maganar ƙafa. Ni da silifas na shiga wani kogo, babbar riga har ƙasa. Daɓen a jiƙe yake kullum saboda danshi. Taku goma ban yi ba na zauna daɓas, jikana ne ya ɗaga ni, hulata kuwa tana ruwa har yau. A sa kambas, a ɗauki rigar sanyi, mai abaya ta tattare. Kar a shafa duwatsun, maiƙon hannu ɓata su yake. Wanda hawan Dala ke sa shi haki ya fara tambayar yawan matakala. Na kogon Ogbunike da ke nan Anambra ma 317 ne, kuma sai ka hauro su a dawowa.

Malamin Fagge: Baba ya gama magana. Alhaji, ka bar shi sai sarin Yuli ko Agusta, ka ware kwana biyu don Antalya.

Ɗan Kwari: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura wanda zai gaya mata an ɗaga, don har jaka ta saya.

Hajiya Mai Atamfa: Miƙa mata wayar bayan isha'i, ni zan yi mata bayani. Kai dai ka tanadi tsaraba mai nauyi.