Gidajen abincin da ake cewa akwai fatalwa, wanne ya kamata mu leƙa a Landan?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda ke zaune a Ingila. Watan Satumba in sha Allah zan zo Landan kwas na sati biyu kuma da madam zan taho, to ita dai tun tana yarinya Allah ya ɗora mata son labarin fatalwa da tsofaffin gidaje, ta ce ta ji akwai gidajen cin abinci a can da suka shekara ɗari biyu ɗari uku ana cewa har yanzu akwai abin da ke yawo a cikinsu, burinta ta ga ko guda ɗaya da idonta. Ni ban san ko'ina ba a garin, ku taimaka mana da inda za mu je kuma wanda mutum ba zai shiga ya fito yana nadama ba.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Yaya ai kun zo a daidai, wai Satumba kace? To The Grenadier za ku fara zuwa, ba tantama. Yana unguwar Belgravia a wani ɗan lungu da ake kira Wilton Row, in kun sauka a tashar Hyde Park Corner tafiyar ƙafa ce kaɗan amma wlh wajen a ɓoye yake, ranar da na fara zuwa sau biyu ina wuce kwanar. Alamar da za ka gane shi akwai wani jan akwatin gadi na soja a bakin ƙofa. An gina shi a 1720 a matsayin wajen cin abincin hafsoshin soja, sai a 1818 aka buɗe shi wa kowa. Labarin da suke bayarwa shine wani matashin soja ne aka kama yana maguɗi a karta, abokansa suka taru suka yi masa dukan da ya zama ajalinsa, sun ma saka masa suna Cedric, kuma wai a watan Satumba abin ya faru shi yasa suke cewa a watan ne motsin ke ƙaruwa, a ji takun mutum a bene babu kowa, ko wani sanyi ya ratsa ɗaki haka kawai. Amma abin da zai tsaya maka a rai silin ɗin ne. Ka ɗaga kai sama gaba ɗaya takardun kuɗi ne an manna, na ƙasashe kala kala wasu sun yi baƙi saboda daɗewa wasu an yi rubutu a jiki, wai baƙi ne ke biya masa bashin cacar da ya mutu da shi. Na fi minti goma a tsaye kaina a sama.

Ɗan Fagge: Kuma in kai ɗan Man U ne, Jim Ratcliffe ɗin nan da ya sayi wani kaso na kulob ɗin kamfaninsa ne ya sayi gidan a 2022, motarsu ma Grenadier daga nan ta samo suna

Maman 'Yan Biyu: Ƙanina ka manta baka faɗa masa babban abu ba, wajen nan mashaya ce fa. Baban Ilham gara ka sani tun daga gida, kusan duk waɗannan tsofaffin wuraren masu labarin fatalwa a Ingila mashaya ne da ake sayar da abinci a ciki, haka al'adarsu take. Abincin da Grenadier ya yi suna da shi naman sa ne da ake naɗewa a cikin fulawa a gasa, naman ba yankan musulmi ba ne kuma masu irin wannan girkin da yawa suna shimfiɗa naman alade siriri a tsakani. Ko kifi da dankalin da mutanenmu ke gudu wajensa suna ganin sun tsira, sau tari da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin, sai ka tambaya, kuma za su faɗa maka gaskiya basa ɓoyewa.

Ni da nice ku zan fi kai ta The Spaniards Inn a Hampstead. Shima mashaya ne amma yana da babban lambu kuma a bakin daji yake, kuna iya ganin ginin sosai daga waje ba sai kun zauna ba. Ana cewa tun 1585 yake nan. Bas mai lamba 210 na bi ta ƙofarsa, kuma titin a daidai wajen ya tsuke saboda tsohon ɗakin karɓar kuɗin hanya da ke ɗaya gefen, har yau motoci sai sun jira juna. Labarinsa biyu ne, na farko wasu 'yan uwa biyu mutanen Sifen da suka riƙe gidan suka yi faɗa akan mace ɗaya ɗayan ya kashe ɗan uwansa wai a lambun aka binne shi. Na biyu na Dick Turpin ne, ɗan fashin kan hanya da aka rataye a York a 1739 bisa laifin satar doki, mutanen wajen na cewa da daddare ana jin ƙarar kofaton dokinsa akan titi. In kun gama ku gangara Kenwood House yana kusa, shiga kyauta ne, ku sha shayi a can hankali kwance.

Baban Ilham: Anti na gode wlh, wannan na kifin ban taɓa sani ba

Malam Na Tudun Wada: Jama'a ku yi haƙuri in ɗan sa baki. Ganin tsohon gini da jin tarihinsa ba komai. Amma abu biyu nake so ɗan uwa ya riƙe. Wanda ya mutu baya dawowa yawo a duniya, a duba Suratul Mu'minun aya ta 99 da ta 100, mutum zai roƙi a mayar da shi a ce a'a, akwai barzahu a tsakani har ranar tashi. In ma da gaske akwai abin da ke motsi a irin waɗannan gidaje to aljanu ne, su kam mun yarda akwai su kuma suna son kango da wajen da ba'a ambaton Allah. Na biyu kuɗin nan da ake mannawa a silin kada ku manna ko sisi, domin ko da wasa aka fara shi kamanninsa ɗaya da abin da ake kaiwa gindin tsamiya. Sannan akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya a kai, wannan ya isa mutum ya san inda zai tsaya.

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta malam gaskiya ne, nima ban manna ba, ruwan lemo na sha a tsaye na fita

Hajiyar Texas: Ni abin da na lura da shi a nan Amurka ma labaran kusan duk na bashi ne ko asara ko soyayyar da aka hana. Bara mun je New Orleans da yara muka ga Muriel's, yana kusurwar Jackson Square. A 1788 an yi wata gagarumar gobara a garin da ta cinye gine gine sama da 800, to labarin da gidan ke bayarwa wani mutum Jourdan ne ya sayi filin bayan gobarar ya gina gidan da yake matuƙar so, sai a 1814 ya saka gidan a caca aka cinye shi, baƙin ciki yasa ya kashe kansa a saman bene maimakon ya fita. Yanzu kullum sai sun shirya masa tebur nasa shi kaɗai, da farin ƙyalle da burodi da kofin giya, kujera babu kowa. Na tsaya ina kallon teburin nan wlh ba tsoro naji ba tausayi ne ya kama ni, na tuna wani ɗan uwanmu da caca ta raba shi da gidan gado, shi yana raye amma har yau baya iya bi ta layin. Ƙaramar 'yata ce ta ja min mayafi tace mu tafi. Abincin garin kuma sai da lura, miyarsu gumbo da yawa da kuɓewa ake yi kamar tamu har yauƙin, amma suna yawan yanka tsiran alade a ciki.

Ɗalibi A Kef: Hajiya irin wannan teburin akwai shi a nan Afirka ta Kudu ma. A Hout Bay kusa da Cape Town akwai tsohon gidan gona Kronendal, labarin wata budurwa Elsa Cloete da ta so wani sojan Ingila babanta ya hana, sojan ya rataye kansa a bishiya ita kuma ciwon zuciya ya tafi da ita. Lokacin da gidan abincin Kitima ke cikin ginin suna ajiye musu tebur na mutum biyu

Anti Nas: Bari in faɗa muku abin da na gani da idona tunda ni nayi aiki a irin wajen. Shekarar farko da nazo karatu kafin in samu aikin asibiti na yi wanke wanke a wani tsohon gidan abinci a arewacin Ingila, ba zan faɗi suna ba. Sito ɗinsu a ƙarƙashin ƙasa yake, matakalar dutse ce duk ta lotsa a tsakiya saboda shekarun da aka yi ana takawa, kana sauka wani wari na danshi da tsohon katako zai dake ka. Ma'aikatan duk sun ce akwai wata mata da ke zama a can, babu mai sauka shi kaɗai bayan ƙarfe goma, to ni sabuwa ce ni ake turawa ɗauko albasa da dankali. Wata rana ina tsugune ina cika bokiti naji ƙwanƙwasa sau uku a bayana tamkar da ƙarfe, ƙwal ƙwal ƙwal, wlh gwiwata ta saki, Ayatul Kursiyyu nake karantawa amma bakina rawa yake na hau sama da rarrafe na bar bokitin. Sai daga baya wani dattijo mai gyaran famfo da yazo aiki ya nuna min, bututun ruwan zafi ne na ɗumama ɗaki, in aka kashe injin da daddare ƙarfen na hucewa yana tsukewa sai ya riƙa bugun bango, katakon bene ma haka yake ƙara in sanyi ya shige shi kamar ana tafiya. Kofin da suke cewa yana tafiya da kansa kuma in kanta a jiƙe take kofi mai ɗumi da aka kife yana iya zamewa, na gwada na gani. Wannan duk na gane. Amma akwai dare ɗaya da na kashe fitilar siton da hannuna na kulle na miƙa makulli, da safe muka tarar da ita a kunne kuma buhun albasa a tsakiyar matakala, har na bar aikin ban samu wanda ya min bayanin wannan ba. Tun daga ranar bana shiga wajen sai da bisimilla da addu'ar shiga.

Ɗan Fagge: Tab. Anti wannan ya tuna min labarin mai shayin da ake bamu muna yara, wanda wani ya zo masa cikin dare ya sha shayi kofi bakwai, da ya sunkuya ɗaukar canji sai ya ga kofaton jaki a ƙafar mutumin

Maman 'Yan Biyu: Ai kowane gari da nasa mai shayin, mu a wajenmu mai tsire ne

Baban Ilham: Madam na nan kusa dani tana karantawa, tace wai a tambaya akwai wani a wajen Landan in mun samu ranar Asabar?

Anti Nas: Akwai, ku hau jirgin ƙasa daga King's Cross zuwa Edinbara wajen awa huɗu da rabi. Dab da ƙofar fadar garin akwai The Witchery, shi gidan abinci ne sosai ba mashaya ba duk da suna sayar da giya, an buɗe shi a 1979 a cikin ginin da aka yi tun 1595, da kyandir ake cin abinci, yana da tsada kuma sai kun yi bukin tun da wuri. Amma ƙanwata ki je da sanin abin da sunan ke nufi. A kan tudun da fadar take ne aka riƙa ƙona mutanen da aka zarga da maita, yawanci mata, dokar da ta bada dama an yi ta a 1563 ba'a soke ta ba sai 1736, kuma sai a 2022 shugabar gwamnatin Sikotilan ta lokacin Nicola Sturgeon ta fito ta nemi afuwa a hukumance. Akwai wata 'yar ƙaramar alama ta ƙarfe a jikin bango kusa da filin fadar da aka saka domin tunawa da su, mutane na wucewa basa ma lura. Ni da na tsaya a wajen wata tsohuwa a unguwarmu na tuna, wadda yaro ya yi zazzaɓi aka ce ita ta kama kurwarsa aka taru aka sa ta tsallaka shi, har ta rasu babu mai sayen ƙosanta. Wannan ya fi damuna akan duk wata fatalwa da suke faɗa.

Malam Na Tudun Wada: Allah ya jiƙanta, Allah ya yafe mana

Hajiyar Texas: Amin ya Allah

Maman 'Yan Biyu: In Edinbara ta yi nisa ga wata dabara a cikin gari. Ku je Spitalfields ku ga The Ten Bells daga waje, yana jikin wata babbar farar coci, shine ake dangantawa da matan da Jack the Ripper ya kashe a 1888, har sun taɓa canza masa suna zuwa sunan makashin daga 1976 sai da mata suka yi ta ƙorafi aka mayar da tsohon sunan a 1988. Daga nan da ƙafa za ku taka zuwa Whitechapel ku yi sallah a babban masallacin East London, sannan ku zagaya bayansa Tayyabs ku ci gasasshen haƙarƙarin rago na halal, sai dai layi, ku je kafin magariba.

Baban Ilham: To alhamdulillah mun tsara. Grenadier da rana mu leƙa silin mu fito ba zama, Lahadi Hampstead, ranar Juma'a in an tashi kwas da wuri Whitechapel. Edinbara sai mun ga yadda kuɗin jirgi yake. Allah ya saka wa kowa da alheri

Anti Nas: Amin. Ku taho da rigar sanyi da takalmin da baya santsi, lungun Grenadier ɗin duwatsu ne in an yi ruwa. In kun sa ranar Hampstead ku sanar dani, in bana duti zan same ku a wajen bas ɗin.