Shin zazzaɓin cizon sauro ne ke jawo kansar muƙamuƙi ta yara?

Ɗalibin likitanci: Assalamu alaikum. Jiya na ce zazzaɓin cizon sauro ne ke jawo kansar Burkitt, wadda ke kumbura wa yara muƙamuƙi ko ciki, wasu suka ce na yi wuce gona da iri. Ina nan a kan bakana. Likita Denis Burkitt ya bayyana cutar a Uganda a 1958, ya bi sawunta ya ga ta fi yawa inda ake zafi da ruwan sama, ta yi ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi. Inda sauro yake, nan take. Har a Papua New Guinea haka abin yake.

Mai ɗakin gwaje-gwaje: Wa alaikumus salam ƙanena. Taswira ba hujja ba ce. Waye a cikinmu bai sha zazzaɓin nan ba tun yana goye? Da shi ne sanadi, da kowane gida akwai mai kansar. Ƙwayar cutar Epstein-Barr ce aka samu a cikin ƙarin a 1964, kuma kusan duk yaron Afirka da ya kamu da cutar ana samun ta a ƙarin nasa.

Ɗalibin likitanci: Yaya, ai hujjarka ta dawo kanka. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da Epstein-Barr. Me ya sa yaran Ingila ba sa kamuwa kamar namu?

Malamin ilimin garkuwar jiki: Ku dakata. Kowannenku ya riƙe ƙafa ɗaya ta murhu, ta ukun kuma ba wanda ya ambata. Akwai ƙwayar gado mai suna AICDA a kuromosom na 12 (kuromosom ƙunshin DNA ne, wato rubutun gadon da ke cikin ƙwayoyin jiki), ita ke samar da wani sinadarin jiki, enzayim da ake kira AID. Tasuku Honjo da abokan aikinsa suka gano shi a Jami'ar Kyoto a 1999.

Aikinsa abin mamaki ne. Rubutun DNA da haruffa huɗu ake yin sa, A da T da G da C, kuma jiki yana gadin rubutun nan kamar rai. Amma a cikin ƙwayoyin jini da ake kira B, masu ƙera makaman garkuwa da ke kama ƙwayoyin cuta, AID da gangan yake ɓata rubutun: ya ɗauki C ya mayar da shi U, harafin da ba gurbinsa ba ne a DNA. Masu gyara su zo su yi faci, facin ya fito dabam da na asali. A wurin da ake rubuta makamin, sauyin yakan ninka na sauran jiki kusan sau miliyan ɗaya. Daga nan sai a yi tankaɗe a cikin kaluluwa da saifa: ƙwayar da makaminta ya fi kama cutar ta rayu ta hayayyafa, sauran su mutu. Shi ya sa allurar rigakafi ta biyu da ta uku ke ƙara ƙarfi. AID ne kuma ke sa a tashi daga nau'in makamin farko, IgM, a koma wasu nau'o'in, IgG ko IgA ko IgE.

To wani lokaci wuƙar takan zame. Ta yanki kuromosom na 14, ta yanki na 8 inda ƙwayar gadon MYC mai ba da umarnin hayayyafa take, wajen ɗinki a haɗa su ba daidai ba. MYC ta faɗo ƙarƙashin makunnin da ba ya mutuwa a ƙwayar B. Wannan haɗin na 8 da 14 ana samun sa a kusan kashi 80 cikin 100 na kansar Burkitt.

Baban yara: Malam, gafarta mini, ni ba ɗan asibiti ba ne. Wannan AID ɗin shi ne ƙanjamau? Gabana ya faɗi.

Malamin ilimin garkuwar jiki: A'a Alhaji, kwantar da hankalinka. Sunan ne ya yi kama da AIDS. Wannan kowa da shi aka haife shi, ni da kai da yaranka.

Baban yara: To in shi ke jawo kansa, me zai hana a nemo maganin da zai kashe shi?

Ma'aikaciyar jinya: Kada ma a fara, Alhaji. Akwai yaran da ake haifa AID ɗinsu ba ya aiki, idan sun gaji lalatacciyar ƙwayar AICDA daga uwa da uba duka. Likitoci a Paris suka tabbatar da haka a 2000. IgM ya cika musu jini, IgG da IgA kusan babu. Ciwon kunne, ciwon huhu, gudawa, wannan na tafiya wancan na zuwa, kaluluwa a kumbure. Sai an riƙa yi musu ƙarin makaman garkuwa da aka tace daga jinin wasu.

Ɗalibin likitanci: Malam, ai bayaninka ni ya goya wa baya. Yaron da zazzaɓi ke kayarwa duk damina, ƙwayoyin B ɗinsa ba sa hutawa, AID na ta yanka ba dare ba rana. Mai yawan yanka kuwa wata rana zai yanki yatsa. A 2014 an gwada naman maƙogwaron da aka cire wa yara a Ghana da na Amurka, aka ga AID ya fi yawa a na Ghana, haka ma ƙwayoyin da Epstein-Barr ta shiga.

Mai ɗakin gwaje-gwaje: Na san aikin, kuma na yarda da shi. Amma ka karanta na Jami'ar Rockefeller na 2015 da kyau. Ɓeraye aka sa wa cutar, kuma wani nau'in ne na ɓeraye, ba falsifaram, nau'in ƙwayar zazzaɓin da ke kama mu, ba. Zazzaɓin bai ƙara yawan masu kansar ba, irin kansar ya sauya zuwa ta ƙwayoyin B da suka balaga. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon ma, da ta zauna a 2012, rukunin 2A ta sa zazzaɓin, wato akwai ƙaƙƙarfan zato. Epstein-Barr kuwa tana rukuni na 1, tabbas. Kalmar "shi ke jawowa" ce ban yarda da ita ba.

Malamin ilimin garkuwar jiki: Ni a nawa ganin ɗalibin ya fi kusa da gaskiya, amma lafazinsa ya yi kauri. AID ke yin kuskuren. Zazzaɓi ke sa shi aiki fiye da kima, ya kuma raunana ƙwayoyin garkuwa da ake kira T masu tsare Epstein-Barr. Ita kuma Epstein-Barr takan hana ƙwayar da ta lalace mutuwa, alhali da ba don ita ba, MYC ɗin da ya haukace da kansa zai tura ta ga halaka. Abin da ya dame ni shi ne, cikin ukun nan, zazzaɓin ne kaɗai muke da iko a kansa yau. AID ba a taɓa shi, Epstein-Barr ba ta da rigakafin da aka amince da shi.

Ma'aikaciyar jinya: Ni abin da idona ya gani zan faɗa. An kawo mana yaro ɗan shekara shida, kunci ɗaya ya kumbura har ido ya fara turowa, haƙora suna girgiɗi kamar an dasa su a laka. An ɗauka ciwon haƙori ne, an cire masa biyu a gida, aka shafe makonni ana shafa magani. Ƙarin nan yakan ninka kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Amma da aka fara ba shi maganin kansa, cikin mako guda kumburin ya fara saɓewa, uwar tana kuka tana shafa fuskarsa. Alhaji, idan ka ga kumburin muƙamuƙi ko ciki yana girma da sauri, babban asibiti za ka nufa a ranar.

Ɗalibin likitanci: Anti, Allah Ya saka da alheri. Yaya, na janye "shi kaɗai". "Yana cikin masu jawowa" kuwa ba zan janye ba.

Mai ɗakin gwaje-gwaje: Wannan na karɓa. Amma ka kawo mini alƙaluman wata gunduma da aka raba gidan sauro aka rage zazzaɓi, mu duba ko kansar ta ragu bayan shekara goma.