An tura mutane kwas sun dawo amma aiki na nan jiya i yau, ina matsalar take?

Abu_Khadija:
Salam 'yan uwa. Ina aiki a wata masana'antar robobi, an kawo sabbin injina aka tura mutum huɗu kwas, sun dawo da satifiket har an rataye a ofishin manaja, amma har yau in inji ya yi gardama sai an jira injiniya daga Legas. Su kuma in ka tambaye su abu sai su ce "bari sai anjima". Karatun ne bai shiga ba ko rowa ce?

Bakanike77:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Khadija kafin ka ce rowa, wanda ya koya wa abokin aikinsa me ake ba shi? In babu komai, kuma ya san ranar rage ma'aikata wanda ya iya injin shi kaɗai zai tsira, to ai dole ya ƙanƙame abinsa.

Duba abin da ya faru a Amurka. Kamfanin General Motors (GM) na da masana'antar mota a Fremont, jihar Kalifoniya, ta rufe ta a 1982, ma'aikatan wajen sun yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da yajin aiki har da shaye-shaye a bakin aiki. A 1984 GM da Toyota suka haɗa gwiwa suka sake buɗe ta da sunan NUMMI, kuma mafi yawan waɗanda aka ɗauka su ne dai mutanen nan da aka ce ba sa jin magana. Aka kwashi wasu zuwa masana'antar Takaoka a Japan suka yi aiki a kan layi tare da Japanawa. Akwai igiya a saman layin haɗa mota, duk wanda ya ga matsala ko kuskuren kansa ne ya ja, shugaban rukuninsa ya taho da sauri a duba tare, in bai gyaru ba layi ya tsaya kuma ba mai hantararsa. Sannan a yarjejeniya an rubuta cewa kafin a sallami ƙananan ma'aikata sai an fara taɓa albashin manya, da kasuwa ta faɗi a 1988 ba a kori mutane ba, horo aka ƙara musu. Ba a daɗe ba ingancin motocinsu ya kusa kamo na Japan.

Abin haushin, GM da ta shiga don ta koya ta sha wahalar kai abin sauran masana'antunta, an gwada a masana'antarta ta Van Nuys a Kalifoniya bai zauna ba har aka rufe ta a 1992. Manajan da ake auna shi da yawan motar da ta fita, ina zai yarda yaro ya tsayar masa da layi?

Maman_Ilham:
Ni a sashen kula da ma'aikata nake, tambayata Malam su waye mutum huɗun? Don sau da yawa kwas ya koma hanyar sallamar 'yan gaban goshi saboda alawus da otal, wanda hannunsa ke cikin baƙin mai kullum yana nan an bar shi. Wasu masu bincike, Cohen da Levinthal, tun 1990 sun nuna sabon ilimi ba ya kama kamfani sai akwai tushen makamancinsa a ciki, wanda bai taɓa kwance tsohon inji ba me zai gane a sabo cikin 'yan kwanaki? Kuma oganku ya sani, kashi 1 cikin ɗari na albashi da kamfanoni ke biyan ITF, hukumar gwamnati mai asusun horar da ma'aikatan masana'antu, ana iya dawo musu da har rabinsa in sun yi horon da hukumar ta amince da shi, don haka kar a ce tsada ce ta hana a tura masu aikin.

DanSharada:
Hajiya duk na ji amma ku faɗi ɗaya ɓangaren mana. Oga ya kashe kuɗi ya horar da yaro, yana ƙwarewa wani kamfani ya ƙara masa 'yan dubbai ya tsere, shi ya sa masu kamfani ke ɗari-ɗari. Su NUMMI a lokacin suna da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi da takarda a rubuce, mu nan rabin mutanen layi 'yan kwantiragi ne, wanda bai san ko zai kai watan gobe ba ka ce ya ja igiya?

Abu_Khadija:
Na gode ƙwarai. Hajiya kin taɓo wajen, biyu daga cikinsu 'yan ofis ne wallahi, ɗaya ma sito yake kula da shi. Bakanike77 in mutum zai kai wa manaja shawarar a ba wanda ya koyar da wasu ɗan ƙarin kuɗi, a rubuce ya fi ko a bari sai ranar mitin?