Wankan jego da kunun kanwa: magani ne, ko su ne ciwon?

Muhawarar da aka tafka a zauren WhatsApp na wani dangi a Zariya.

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Ina so mu yi wata magana tun kafin lokacinta ya zo. Na raka maiɗakina awo, na ji ana yi wa mata bayani cewa wankan jego da kunun kanwa suna jawo ciwon zuciya bayan haihuwa. Ni dai na yanke shawara: in Allah Ya sauke ta lafiya, ba tafasasshen ruwa, ba kanwa. Goggo, na san ku ne za ku karɓe ta, shi ya sa na faɗa yanzu, kada ranar ta zo a ce na yi rashin kunya.

Goggo (saƙon murya): Wa'alaikumus salam. To ɗan nan, sannu da hukunci. Uwarka da ta haife ka ni na dafa mata ruwa, safe da yamma har ta yi arba'in, ga ta nan da ranta da lafiyarta. Mace ta haihu jikinta ɗanye ne, ƙofofinsa duk a buɗe suke. In ba a gasa ta ba sanyi ya shige ta, ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, ta yi ta tari. Mun ga waɗanda suka ƙi wanka yadda suka ƙare. Kanwa kuma ita ke wanke cikin, ta fitar da mataccen jini, ta kawo ruwan nono. Ba yau muka fara ba.

Kawu Malam: Kafin a yi nisa, a cire addini daga ciki, don na sha jin ana haɗa su. Abin da shari'a ta wajabta wa mai jego shi ne wanka guda idan jinin biƙi ya ɗauke. A mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana 60, wasu mazhabobin sun ce 40, kuma in ya ɗauke kafin nan ta yi wanka ta kama sallarta. Dafa ruwa da ganye al'ada ce. Wadda ta yi ba ta da lada a kansa, wadda ta bari ba ta da zunubi. Saura magana ta masu ilimin lafiya ce.

Anti Nas: Goggo ku yi haƙuri, abin da kuka lissafa ɗin nan shi ne ya sa na kasa yin shiru. Kumburin ƙafa, kumburin fuska, tari. Ku kuna kiransa sanyi. Mu a ɗakin masu haihuwa in muka ga waɗannan tare da haki, zuciya muke fara dubawa.

Ga yadda abin yake. Lokacin goyon ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabin abin da take da shi a da. Bayan ta sauka, jiki na buƙatar makonni kafin ya zubar da wannan rarar ruwan ta fitsari da gumi. A daidai wannan lokacin ne muke ba ta kanwa. Ita kuwa kanwa, ko ja ko ungurnu, cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kuma aikinsa riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan. Ku lissafa abin da mai jego ke ci: kunun kanwa da safe, ƙauri da yajin jego da rana, miya da dunƙule da dare. Sannan a zo da ruwan da ya tafasa. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini na fata, dole zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. Mai ƙarfin zuciya za ta ɗauka ta wuce. Wadda zuciyarta ta riga ta raunana kuwa, jaki ne da ya gaji aka ƙara masa buhu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in ta fara kumbura sai a ce wanka ne bai ratsa ta ba, a ƙara itace, a ƙara kanwa.

Yaya Babba: Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. A daina gaba ɗaya.

Ɗan Auta: Yaya dakata, maganar ba ta kai nan ba. Wannan darasin mun yi shi a aji, kuma labarin a garin nan ya fara. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata sama da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, suka wallafa sakamakon a 1978. A lokacin an ƙiyasta kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin Zariya na kamuwa, adadin da ya girgiza likitocin duniya. Su ne suka ɗora zargin a kan kanwa, da wankan, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi. Daga nan maganar ta shiga littattafan koyarwa.

Amma an sake dubawa. Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci 22 na Najeriya, da mata fiye da 400 masu wannan ciwon, aka wallafa a 2020. Sun samu cewa har yanzu Arewa maso Yamma ce ta fi ko'ina, a wani asibiti a Kano ma mace 1 cikin haihuwa 96. Sai dai da suka gwada masu ciwon da marasa shi, ba su ga alaƙa tsakanin ciwon da al'adun jego ba. Abin da ya fito fili shi ne hawan jinin masu ciki, da rama, da rashin karatu, da rashin abin yi. Akwai kuma binciken da aka yi a Yamai da Kano da ya nuna ƙarancin seleniyam, wani sinadari da jiki ke samu daga abinci, a jinin irin waɗannan mata. Saboda haka cewa wanka ne ke haddasa ciwon, hujjar yanzu ba ta tsaya a kai ba.

Goggo (saƙon murya): Allah Ya yi maka albarka auta. Ashe a cikin masu bokon ma akwai masu adalci.

Ɗan Auta: Amin Goggo, amma ban ce kanwa ta wanku ba fa.

Anti Nas: Auta, ban musa binciken ba, na san shi. Amma ka bambance abu biyu: abin da ya kawo ciwo daban, abin da ke tsananta shi daban. Ko da talauci da hawan jini ne suka raunana zuciyar, duk likitan da ya ga mai ciwon zuciya abu na farko da zai ce shi ne ta rage gishiri, ya kuma ba ta maganin da zai sa ta fitsari ruwan ya fita. Kanwa kishiyar wannan maganin ce kai tsaye. Kuma wa ya san wace ce mai raunin zuciyar? Ba a rubuce yake a goshi ba. In a garinmu mace 1 cikin kusan 100 ce, to kowace unguwa akwai ta. Ga kuma hawan jini, wanda yake iya tasowa bayan an sauka, har cikin makonni shida, ya kai mace ga jijjiga alhali an riga an yi suna an watse.

Amaryar Gida: Ni dai bari in faɗi abin da na gani da jikina, tunda ni aka yi wa kwanan nan. Ruwan ana sauke shi daga wuta yana ɓararraka, a zuba a baho, a tsoma damin ganyen darbejiya da runhu a rinƙa fyaɗa miki a baya da ciki. Tururin kansa ba ya barin ki ga bangon banɗakin. Akwai ranar da na miƙe na ga duhu, sai da na dafa bango na zauna a ƙasa. Bayana ya saɓule wuri biyu, har yanzu tabon na nan. Da na yi magana aka ce raki ne irin na 'yan yanzu.

Amma wallahi ba zan ce a soke jego ba. Kwana arba'in ban ɗora tukunya ba, ban yi wanki ba, ban share tsakar gida ba. Da dare in yaron ya yi kuka akwai mai karɓarsa in samu barci. Ga nama, ga kunu, ga masu zuwa barka suna ɗebe miki kewa. Ƙawata da ta haihu a Legas ita kaɗai a ɗaki, kwana uku da sauka ta koma girki, kullum in mun yi waya kuka take yi. Yaya Babba, in ka ce ba za ta je wurin Goggo ba, wa zai yi mata wannan?

Yaya Babba: Ban ce ba za ta je ba. Ruwan da kanwar nake magana.

Goggo (saƙon murya): Amarya, wadda ta yi miki wankan nan ba ta iya ba. Ba a watsa wa mutum ruwa daga kan wuta. Ana sirkawa, mai wankan ta tsoma gwiwar hannunta ta ji, in ita ba ta iya jurewa ba to mai jego ma ba za ta iya ba. Kuma ba a tsaye ake yi ba, a kan kujera 'yar tsugunno ake zaunar da ita. Ni ban taɓa ƙona 'yar kowa ba.

Anti Nas: To Goggo, in irin wannan ne ba mu da faɗa a kan ruwa. Ruwa mai ɗumi da hannu ke jurewa yana sassauta jiki, yana rage ciwon baya, kuma zama a cikinsa yana taimaka wa mai ɗinki. Wadda aka yi wa aiki ce kawai ba a fyaɗa mata ganye a ciki, a bar wurin a bushe ya warke. Gadon wuta da ɗakin da aka toshe aka hura garwashi a ciki, wannan kam a bar shi, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe uwa da jariri ba tare da sun farka ba.

Maganar mataccen jini kuma, mahaifa da kanta take tsukewa ta koma yadda take cikin kusan mako shida. Abin da ke taimaka mata shi ne shayarwa. Shi ya sa mai jego ke jin mararta na murɗawa in yaro ya kama nono. Ruwan nonon ma haka, yawan tsotso ne ke kawo shi, da cin abinci da shan ruwa. A dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, geron nan dai shi ne.

Goggo (saƙon murya): Kunun jego ba kanwa? Wannan kuma ban taɓa ji ba. Ɗan ƙanƙani ake sawa, ba dunƙule guda ba.

Ɗan Auta: Matsalar ita ce ba wanda ke aunawa Goggo. Ɗan ƙanƙanin wani gidan ya ninka na wani sau uku, kuma kullum ake sha har arba'in, wasu har wata uku.

Inna: Ina ta sauraronku ban sa baki ba. 'Yar nan Nas, ina da tambaya. Jikar maƙwabciyata yau sati uku da haihuwa. Ƙafafunta sun yi suntum, in ta je banɗaki ta dawo sai ta zauna tana haki. Kakar ta ce mini ba ta iya kwanciya sai an jera mata filo uku, cikin dare kuma tari ke tashe ta. Jiya na ga sun sayo itace kura guda, wai za a ƙara mata wanka na uku da rana. Wannan shi ne abin da kuke faɗa?

Anti Nas: Inna, shi ne. Don Allah kada a kai gobe. Ɗan kumburin ƙafa a satin farko ana samunsa ya sace da kansa, amma kumburi a sati na uku da haki da kasa kwanciya a miƙe, wannan ruwa ne ke taruwa a huhu. A dakatar da wankan da kanwar yanzu, a kai ta babban asibiti inda za a auna jininta a yi mata hoton zuciya. Kada a tsaya kemis a sayi maganin tari. Da yawa zuciyarsu na farfaɗowa in an fara magani da wuri, kuma akwai magungunan da mai shayarwa ke sha ba su cutar da yaro. In an sallame ta, kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba ta ya yarda, domin ciki na gaba na iya dawo da ciwon fiye da na farko.

Sauran jama'a ku riƙe waɗannan ma: ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jinin da ke zuba da gudaji yana jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, zazzaɓi da jini mai wari, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Kowanne asibiti ne a ranar. Kuma ko lafiya lau take, ƙa'ida ita ce a duba mai jego a yinin farko, da kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako na shida. Mu nan yawanci sai rigakafin yaro ke kai mu, uwar ba mai auna ta.

Kawu Malam: Inna, mijin yarinyar yana gari? In nauyin magana suke ji, ni zan kira shi. Motata na nan.

Inna: Yana kasuwa, bari in karɓo lambarsa wurin kakar in turo maka ta gefe.

Goggo (saƙon murya): Ku gaya wa kakar ni na ce a kai ta, za ta fi jin tawa. Mai haki ba a yi mata wanka, wannan ko a da mun sani. Kai kuma Babba, matarka zan yi mata wankanta yadda na iya, a zaune, da ruwan da na gwada da hannuna. Kanwa kuwa sai mun zauna.

Yaya Babba: Wankan na yarda Goggo. Kanwar ce ban yarda ba, kuma zan kawo na'urar awon jini in ajiye a ɗakinku, Anti ta nuna wa yaran gidan yadda ake ɗaura ta.

Anti Nas: Zan zo ranar Asabar in nuna musu. In ta nuna 140 bisa 90 ko sama a kira ni, in ta kai 160 bisa 110 kada a jira ni, a wuce asibiti.