Abin da na tsinta daga hirarmu kan Linux Mint

Ranar Asabar mun zauna da wasu masu gyaran kwamfuta da malaman cibiyar koyon kwamfuta, har magana ta kai mu kan Linux Mint, babbar manhajar sarrafa kwamfuta da wani Bafaranshe, Clément Lefèbvre, ya fara a 2006 bisa tushen Ubuntu, wata babbar manhajar irinta.

Tambayar farko ita ce me ya sa ake bayar da ita kyauta. Amsar da ta fi gamsar da ni: gudummawar masu amfani da ita ce ke riƙe da aikin, kuma rubutun da aka gina ta da shi a buɗe yake, kowa na iya dubawa ya gyara. Ba ruwanka da kwafin sata. Don ɗan koyo aka tsara ta, shi ya sa jerin manhajoji yake ƙasa ta hagu kamar yadda aka saba a Windows, ga LibreOffice ta rubuta takardu da Firefox ta shiga intanet a ciki.

An fi daɗewa kan tsofaffin kwamfutoci. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, da yawa daga cikin waɗannan kwamfutoci kuma ba za su ɗauki Windows 11 ba. Wani mai gyara ya nuna mana tsohuwar laftof mai ɓallallen maɓalli, RAM ɗinta 4GB, tana aiki lafiya lau da Xfce, wani nau'in Linux Mint mara nauyi. Abin ya taɓa ni, domin irinta ɗalibanmu ke iya saya.

Kowa ya yarda a fara gwada ta daga filash, a duba Wi-Fi da firinta, a kwashe takardu tukuna kafin a saka ta a kwamfuta. Wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop kuwa, kada ya goge Windows, don ba sa aiki a kan Linux Mint kai tsaye.