Kwamfutata na mutuwa da kanta, na duba Event Viewer na ƙara rikicewa

Abu Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka min, kaina ya kulle. Kwamfutar nan yayana ne ya bar min ita shekara uku da suka wuce, lokacin da ya sayi sabuwa. Shi mutum ne mai tattalin kaya, ko ƙura ba ya bari ta hau ta. Da farko ma ƙin karɓa na yi, don na san halin kayan ɗan'uwa, in ya lalace a hannunka maganar ba ta ƙarewa. Da ita nake rubutun kammala karatuna, babi uku na gama, ina cikin na huɗu, malamin da ke duba min ya ba ni mako biyu, kuma shi ba ya jin uzuri. Har yanzu ban faɗa wa Yaya abin da ke faruwa ba.

Tun wajen mako uku sai ta riƙa mutuwa haka kawai, wani lokaci ta tashi da kanta, wani lokaci sai na tashe ta. Wani abokina ya ce in buɗe Event Viewer, wai nan Windows ke rubuta duk abin da ya same ta. Na buɗe, gabana ya faɗi: ja da rawaya jere har ƙasa. Wanda ya fi yawa shi ne DistributedCOM 10016, sai wani Kernel-Power 41 da aka rubuta wa Critical. Na bi wani bidiyo na gyara na 10016 ɗin, na share kundin Event Viewer ɗin gaba ɗaya don in fara da sabo. Jiya ta sake mutuwa sau biyu. Me zan yi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ba sai ka wahalar da kanka ba, akwatin wutar kwamfutar ne ya gaji. Kernel-Power, sunan ma ya faɗa maka. Na ga irin wannan ya fi a ƙirga. Canja shi, magana ta ƙare.

Malam Shiru:
Injiniya, a yi haƙuri, sunan ne ke ruɗar mutane. Lamba 41 ba ta cewa wuta ce matsalar. Abin da take cewa kawai: na tashi na tarar ba a kashe ni yadda ya kamata ba. Kuma ba lokacin mutuwar ake rubuta ta ba, sai a tashi na gaba. Ko filogi aka zare, ko shuɗin allo ne (allon da Windows ke nunawa in ta yi karo da babbar matsala ta tsaya), ko ta sandare mutum ya danne maɓalli, duk 41 za ka gani. Yawanci tare take zuwa da 6008, mai faɗin lokacin da ta mutu.

Abu Hanifa, danna kan 41 ɗin na jiya, ka shiga Details, ka karanto mana abin da ke gaban BugcheckCode da PowerButtonTimestamp. Sannan wace irin kwamfuta ce, ta tebur ko laftof? Windows nawa? Me kake yi sa'ad da take mutuwa?

Abu Hanifa:
Laftof ce.

Injiniya:
To ai shi ke nan, caja ce ko batir. Maganata na nan, wuta ce. Cire cajar ka gwada ta wani. In batirin ya kumbura ma za ka ga wurin linzamin ya ɗago. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fito maka da ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa. Ka gani da idonka.

Maman Iman:
Ni dai shawarata, kafin komai ka kwashe babi ukun nan ka ajiye a filas da kuma imel ɗinka, yau ba gobe ba. Tawa haka ta fara, na kai wa wani mai gyara, na ce masa hotunan yarana na ciki tun na haihuwar babbar. Ya ce ba komai Hajiya. Na dawo ya yi mata fomat, ko tambayata bai yi ba, wai "ai ta fi gudu yanzu". Bayan kwana biyu ta ci gaba da mutuwarta. Ashe fanka ce ta toshe da ƙura. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ɗan Auta:
Allah sarki Mama. Amma gaskiya fomat ɗin ita ce hanya mafi sauƙi, ni duk wata shida nake yi.

Maman Iman:
Kai ba ka da abin da za ka rasa ne, yarona.

Malam Shiru:
Fomat kafin a san ciwon, shafe shaida ne kawai. Wanda ma ya riga ya faru a nan. Abu Hanifa, me ya sa ka share kundin? Tarihin mako uku ke nan ya tafi, kuma shi ne zai nuna mana ko akwai abin da ke maimaituwa daƙiƙu kaɗan kafin kowace mutuwa.

Abu Hanifa:
Malam ai ba da gangan na ɓata ba. Kurakuran sun yi yawa, ba na iya gane sabo da tsoho. Kuma mai bidiyon haka ya yi, mutane da yawa sun yi masa godiya a ƙasa. Ni a ganina gyara na yi, don tun da na canja izinin da bidiyon ya nuna a Registry, wato ma'ajiyar saitunan Windows, 10016 ɗin ya ragu sosai.

Malam Shiru:
Ya ragu, amma ta daina mutuwa? Microsoft da kansu sun rubuta cewa 10016 ɗin nan a ƙyale shi, ba ya cutar da komai, kuma ba su ba da shawarar a taɓa izinin ba. Kwamfuta mai lafiya ƙalau ma in ka buɗe kundinta za ka tarar da ja da rawaya birjik. Shi ya sa 'yan damfara masu kiran waya su ce daga kamfani suke, wurin nan suke sa mutum ya buɗe don ya tsorata ya biya su. Da Filter Current Log ka danna a gefen dama, ka zaɓi Critical da Error na awa 24, da ka samu tsabtar da kake so ba tare da asara ba.

Abu Hanifa:
To ni na san da wannan? Ba fannina ba ne. Kuma abokina da ya nuna min ya san kwamfuta sosai.

Injiniya:
Ku bar yaron nan da dogon turanci. Kundi, kundi, kundi. Ni shekara da shekaru ina buɗe injin da hannuna, ba na zama ina karanta lambobi. Ka gwada cajar da na ce?

Abu Hanifa:
Ban samu irin bakinta ba tukuna, Injiniya. Amma cajar asali ce, ta Yaya ce, bai taɓa canja ta ba.

Injiniya:
Shi ne ma dalilin. Caja mai wannan shekarun.

Baban Linux:
Duk wannan wahalar ta Windows ce. A wurinmu masu Linux, journalctl -b -1 kawai za ka rubuta, ya zubo maka duk abin da ya faru a tashin da ya gabata har layin ƙarshe. In ma Windows 10 ce, tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft suka daina tallafa mata na yau da kullum. Ofis ɗinmu na yi ta faɗa musu, ba wanda ya saurare ni, sai da abu ya lalace aka zo ana nemana da daddare.

Ɗan Auta:
Mutum na da mako biyu ya miƙa aiki, kai kana ce masa ya koyi Linux.

Abu Hanifa:
Malam Shiru, na duba. Na farko, na rana, BugcheckCode 0 ne, PowerButtonTimestamp kuma wata doguwar lamba. Na biyu, na dare, BugcheckCode 159, ɗayan 0.

Malam Shiru:
Yauwa, yanzu aka fara magana. Mutuwa biyu ce iri daban-daban. Ta rana, doguwar lambar nan na nufin an danne maɓallin wuta har ta mutu. Kai ka danne?

Abu Hanifa:
E, amma ai sandarewa ta yi, allon ya yi baƙi, fitilar na kunne. Na jira ya fi minti biyar. Me zan yi in ban danne ba?

Malam Shiru:
Ban ce ka yi laifi ba, amma ba ka faɗa mana tana sandarewa ba, cewa ka yi tana mutuwa. Ta dare kuma shuɗin allo ne, ko da ba ka gan shi ba. 159 ɗin nan in ka mayar da shi lissafin da Windows ke amfani da shi wajen lambobin shuɗin allo, 9F ne, sunansa DRIVER_POWER_STATE_FAILURE. Ma'ana wani direba, wato manhajar da ke tuƙa wani sashe na injin, bai amsa ba lokacin da aka ce ya kwanta ko ya farka. Sau da yawa na Wi-Fi ne, ko na allo, ko wani abu da ke maƙale a USB. Tambaya: abin yana faruwa in ka rufe murfin ka buɗe, ko in ka bar ta ta yi barci?

A daidai lokacin za ka ga wata lamba 1001 ta BugCheck a kundin System, tana nuna inda aka ajiye fayil ɗin bayanin. Duba C:\Windows\Minidump. Share kundi ba ya taɓa wannan folda, don haka mai yiwuwa na makonnin baya suna nan. Manhajar BlueScreenView ko WinDbg za ta buɗe su, sau da yawa har sunan direban yake fitowa.

Injiniya:
Ka ji ko? POWER. Tun farko na faɗa. An zagaya an zagaya an dawo wurina.

Malam Shiru:
Injiniya, barci da farkawar na'ura ake nufi a nan, ba caja ba.

Injiniya:
Wuta dai wuta ce. Ni na taɓa samun wadda kundinta ya yi ta kukan direba, ƙarshe ram ne, wato allon ƙwaƙwalwar injin, ya saki, na cire na goge na mayar. Ka cire ram ɗin ma ka goge.

Maman Iman:
Kada ka buɗe cikinta kafin ka kwashe aikinka. Ka kwashe kuwa?

Abu Hanifa:
Zan kwashe Mama, filas ɗin na wurin abokina. Malam, gaskiya ban lura ko sai na rufe murfi ba, ni kullum rufewa nake, ban cika kashe ta ba, haka Yaya ma yake yi kuma shi ba ta taɓa yi masa ba. Abin USB kuwa, akwai wani ƙaramin abin Wi-Fi da na saya watan jiya don na cikin yana yankewa. Amma ba shi ba ne, sabo ne fil, a kwalinsa na saye shi.

Malam Shiru:
Watan jiya ka saka shi, matsala ta fara mako uku da suka wuce. Zare shi kwana biyu mu gani. Kuma wannan na cikin da ke yankewa, shi ma abin tambaya ne.

Abu Hanifa:
In na zare da me zan shiga intanet? Duk takardun da nake karantawa a can suke. Kuma ya yi kusan mako yana aiki lafiya kafin abin ya fara. Ni na fi zargin sabuntawar Windows, don na tuna akwai daren da ta yi ta juyawa. Foldar Minidump ɗin ma ta ce ba ni da izini.

Ɗan Auta:
Kwafo fayil ɗin zuwa Desktop tukuna. Ko ka yi fomat ka huta.

Injiniya:
Ka nemo caja. In ba ita ba ce, ka zo nan ka ce Injiniya ya yi ƙarya.

Abu Hanifa:
Na gode muku duka. Bari in fara cire sabuntawar nan in gani, in ba ta yi ba sai in duba maganar cajar. Malam Shiru, ka ce 1001 ko 10016?

Ummu Sadik:
Sallama. Tunda ana maganar, ni tawa disk 153 take ta rubutawa a Event Viewer tun safe, kuma in na buɗe folda sai ta daɗe tana tunani. Shi ma a ƙyale shi ne?